Shekarar da Aka Yi Mini Maraba a Makarantarmu

Nana, na ji abin da kika gaya wa ƙawayenki ranar da suka zo kitso, wai uwarki ta wakilci Afirka gaba ɗaya a wasannin Olamfik na China. Ban ƙaryata ki a gabansu ba don kada in ba ki kunya. Amma tunda ke da ƙannenki kun ɗauki maganar kuna yawo da ita har ta fara yin rassa, gara in zauna in faɗa muku yadda aka yi, kafin in ji an ce ni na kunna wutar. Ban je Olamfik ba. Ko birnin da aka yi shi ban taɓa takawa ba. Wani ɗan biki ne aka yi a zauren taron makarantar sakandarenmu a Guangzhou, a gaban iyaye da wasu manya daga ofishin ilimi, kuma ba wakilci aka ba ni ba, baƙuwa aka ce in zama.

Kakanku, Allah Ya jiƙansa, takalma yake saye a manyan shagunan titin Zhanxi, a cika kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ta bi ruwa zuwa Legas, daga nan sai Kano. Da ya gaji da zaman gwauranci da cin taliyar kanti, sai ya ɗauko mu ni da Umma, ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Muka zauna a wani bene bayan titin Liuhua, ɗaki biyu da falo, falon kuwa bai taɓa zama namu mu kaɗai ba. Duk ɗan kasuwar da ya sauka daga Kano ko Maraɗi ko Yamai, cikinsa ya yi kewar tuwo, gidanmu ake nuna masa. Makarantar 'ya'yan Turawa ta fi ƙarfin Baba, kuma ko da ba ta fi ba, shi ra'ayinsa daban ne. Sinancinsa bai wuce nihau da sheshe da lawban da meyo ba, wato sannu, na gode, maigida, da babu. Da waɗannan ya yi shekaru yana ciniki, abin da ya rage kalkuleta ke yi masa. Ya ce 'yarsa ba za ta zauna a gari tana magana da yatsa ba. Haka aka kai ni makarantar unguwa cikin 'ya'yan gari, na sha kuka har na gaji, sannan wata safiya na farka na tarar da yarensu na yi mafarki.

Lokacin da na shiga babbar sakandare, babu abin da ɗan ajinmu zai yi wanda ban iya ba. Kaya iri ɗaya muke sawa maza da mata, riga da wando na motsa jiki, shuɗi da fari, masu faɗi kamar buhu. Ni dai na ƙara ɗan farin hijabi, wanda shugaban makaranta ya yarda da shi bayan Baba ya yi ta sintiri a ofishinsa. Ranar Litinin mu jeru a fili a ɗaga tuta. Da hantsi lasifika ta kira mu motsa jiki, can kuma ta sake kira mu rufe ido mu yi ta murza gefen hanci da gira, wai don kada ganinmu ya lalace, alhali rabin ajin da tabarau suke. Bayan abincin rana kowa ya kifa kai a tebur ya yi barci, malami na zagayawa yana duba wanda bai rufe ido ba. Wannan barcin, fanka na juyawa a sama, ajin na warin alli da ɓawon lemo, ruwan sama na dukan taga, har yau ban sami mai daɗinsa ba, ko a kan katifar nan da babanku yake taƙama da ita.

Kada dai ku ɗauka zaman lafiya lau aka yi. A bas, kujerar kusa da ni ita ce ta ƙarshe da ake zama a kai. Wata tsohuwa ta taɓa kama hannuna ta murza da babban yatsa, ta duba ko zai fita. A makaranta ba a dukana, ba a hana ni komai, sai dai akwai wata kalma ta yaren Kanton, yaren 'yan garin, da yara maza suke jefowa daga saman bene idan na ratsa fili: hak gwai, baƙar fatalwa. Ba sa faɗa a gaban malami. Wasu 'yan matan kuma da zuciya ɗaya suke tambayata ko a garinmu akwai gidaje, ko in na daɗe a nan zan washe. Ɗaya har ta ɗauko mini man shafawar yayarta ta ce in gwada. Wallahi na fi jin haushin masu kirkin nan a kan masu zagin. Mai zagi kina iya rama masa, ni kuwa bakina bai mutu ba, na iya zagin Kanton da ko direban tasi sai ya waiwayo. Wadda ta kawo miki man bilicin tana murmushi fa, me za ki ce mata?

A makarantunsu tebur na mutum biyu ne, kuma wanda aka haɗa ki da shi ba ƙaramin abu ba ne a rayuwar ɗalibi. Da shi za ki raba littafi, shi zai zungure ki in malami ya taho kina gyangyaɗi, shi ake tambaya in ba ki zo ba. Ni a zangon farko an canja mini abokan tebur har na daina tambayar sunansu. Yarinya za ta ɗan zauna, uwarta ta zo ta shiga ofis, washegari sai malamar ajinmu, Malama Chen, ta ce ai idon yarinyar ne ba ya hango allo daga nan. Malama Chen ba muguwa ba ce, kada ku ɗauke ta haka. Takan tsaya bayan an tashi ta gyara mini rubutu, ta taɓa ba ni lemarta ta tafi gida a jiƙe. Mace ce dai da ba ta son ɓacin ran kowa, sai nawa, don ni uwata ba ta jin yaren da za ta zo ta yi ƙorafi.

Sai aka kawo Lan. 'Yar ƙauye ce daga lardin Hunan, can arewa da mu. Iyayenta suna da ɗan teburin gyaran kaya da sa zif a wani lungu kusa da tashar jirgin ƙasa. Gajera ce, kumatunta jajaye kamar an mare ta, ba ta jin yaren Kanton ko kaɗan, in kuma ta buɗe baki da yaren makaranta sai aji ya kwashe da dariya saboda karin harshenta. Su ma irinta 'yan gari suna da sunan da suke kiransu, ba mai daɗin ji ba. Uwarta ba ta da lokacin zuwa ofis, ba ta ma san hanyarsa ba, saboda haka Lan ta zauna. Da farko ba mu ce wa juna komai ba. Sai ranar da na buɗe kwanon abincina, don ba na cin na makaranta saboda alade, na barbaɗa yajin Umma a kan shinkafa da wake. 'Yan Kanton ba sa son barkono, da sun ji ƙamshinsa sai su fara tarin iyayi. Ita kuwa sai na ga hancinta ya buɗe.

"Barkono ne?" ta tambaye ni a hankali.

"Zai kashe ki," na ce.

Ta sa tsinken cin abincinta ta dangwala, ta ɗanɗana, sai ga hawaye. Na ce ai na gaya miki.

"Ba zafi ba ne," ta ce. "Tun da na zo garin nan ban ci abin da ya yi kama da abinci ba."

A hunturun shekarar, gab da bikin sabuwar shekararsu, ƙanƙara ta toshe hanyoyin arewa, jiragen ƙasa suka tsaya. Daga tagar benenmu muna hango mutane sun cika filin tasha da titunan gefenta, da jakunkuna, da yara a kafaɗa, cikin ruwa da sanyi, har aka buɗe tsofaffin rumfunan baje koli na Liuhua aka zuba su a ciki. Iyayen Lan na cikin waɗanda suka haƙura da tafiya gida. Ɗakinsu ba ya ɗaukar mutum uku da rana, sai ta riƙa wuni a gidanmu duk hutun. Ranar da ta fara zuwa, Umma ta dube ta sama da ƙasa ta ce in tambaye ta sunanta.

"Lan? Lan kawai? Kai, iyayenki sun yi rowar suna. Lantana ke nan, an gama."

Lantana ta koyi tuƙa tuwo, ta koyi cin sa da hannu, ta koyi gaishe da alhazai tana rusunawa, su kuwa su yi ta dariya suna ba ta goro, tana taunawa tana yatsina fuska. Kunnenta abin tsoro ne. Yarensu kamar namu yake, a kan hawa da saukar murya yake tafiya, don haka duk kalmar da ta ji sai ta mayar da ita daidai, ba irin ta Turawa ba da ke fitowa a karkace. Baba har kishi ya yi, ya ce yarinyar nan a hutu ɗaya ta yi abin da ya gagare shi tun da ya zo ƙasar. In Umma ta aike mu muka dawo, nakan yi sallama in ce Umma sannu da gida, ita kuma ta ce yawwa, sannunku da zuwa. Wata rana muna hawa bene Lan ta tambaye ni me ya sa gaisuwar take iri biyu. Na ce mata wanda ya shigo daga waje shi ke ce wa mai gida sannu da gida, mai gida kuma ya ce masa sannu da zuwa. Ta gyaɗa kai, daga nan kullum ita ke riga ni faɗa.

Da aka koma makaranta, gari ya ɗauki zazzaɓin Olamfik, duk da cewa a can Beijing za a yi. Ko'ina tutoci, ko'ina fenti, direbobin tasi na koyon Turanci a rediyo. Makarantarmu ta ce ita ma za ta yi bikin maraba da duniya, kowane aji da nasa ɓangaren. Namu waƙa ce. Ajin gaba ɗaya zai jeru a kan dandamali cikin kayan makaranta ya rera, a ƙarshe wani baƙo daga nesa ya shigo a tarbe shi da furanni. Ni wurin baƙon ko a jikina, don ina da murya, kuma an riga an tsayar da ni a layi na biyu. Ba zan iya kwatanta muku yadda nake son layin nan ba. A cikin waƙa ba mai jin launin murya. In muka ɗauka tare, sai in ji na narke cikin sauran, ba wanda yake kallona, kuma wannan shi ne abin da na fi so a duniya a lokacin, a daina kallona. Muna cikin haka Malama Chen ta kira mu ofis, ni da Lan.

"Shinda," ta ce, don haka suke faɗin sunana, Hindatu, "mun yi sa'a. Wasu makarantun sai sun shafa wa yaro fenti a fuska kafin su sami baƙo. Mu muna da ta gaske. Za ki sa kayan garinku ki shigo ta ƙofar baya, Lan ta sauko ta ba ki furanni, ta yi miki maraba da yarenku."

"Malama, ai ina cikin masu waƙa."

"Masu waƙa suna da yawa, Shinda. Baƙuwa ɗaya ce."

Na juya don Lan ta taya ni, sai na ga fuskarta tana haske. Tun da ta zo ba a taɓa zaɓenta a komai ba, ko goge allo ranar da manya za su zo. Muna fita ta kama hannuna tana rawar jiki, ta ce uwarta za ta rufe tebur ranar ta zo ta gan ta.

Da yamma na bari har alhazai suka watse, sannan na zazzage wa Umma da Baba maganar ina kuka. Umma ta ajiye ludayi.

"Maraba? Yanzu? Shekara da shekaru kina share musu aji, sai yau suka ga kin iso?"

Baba bai yi dariya ba. Lokacin abubuwa sun fara tsauri. 'Yan sanda na tare mutanenmu a Liuhua suna duba fasfo, suna buga ƙofofi, waɗanda suka saba sabunta biza ba wahala sai a ce musu su koma gida tukuna. Falonmu da ke cika ya fara yin fili.

"Hindatu," ya ce, "wannan ba lokacin ɗaga kai ba ne. Abin da suka ce ki yi, ki yi. In sun ce ke baƙuwa ce, ƙarya suka yi? Ɗauko fasfonki ki duba."

"Baba, ni ko hanyar gidanmu a Kano ban sani ba. Nan kuwa ko an rufe mini ido zan kai ka Huangpu in dawo da kai."

"Direban kwantena ma ya san hanya."

"Haba Alhaji," in ji Umma, "kar ka ƙara mata." Ta jawo ni ta share mini fuska da gefen zaninta. "Ke, in kin ce ba za ki yi ba, ni ina bayanki, ko ubanki zai yi fushi ya huce. Abu ɗaya dai zan tambaye ki. In babu baƙuwa, Lantana wa za ta miƙa wa furen?"

Na so a ce saboda Baba na yarda, don in sami wanda zan ɗora wa laifi. Ba saboda shi ba ne. Na tuna uwar Lan ce, da allurai a bakinta, za ta rufe tebur ta yi asarar cinikin wuni guda don ta ga 'yarta a kan dandamali. Washegari na je na ce wa Malama Chen na yarda. Ta ji daɗi ƙwarai, har ta tambaye ni ko muna da irin siket ɗin ganye da take gani a talabijin. Da na kai wa Umma saƙon, sai ta ce:

"Ki ce mata a garinmu ganye miya ake yi da shi. Baƙuwa suke so ko? Za su ga baƙuwa."

Yarda dai na yarda, amma ban yafe ba. In an fita gwaji, ajin ya hau dandamali, ni a tura ni bayan ƙofa in zauna a kan matattakala ina jin su ta bango har a kira ni. Duk haushin sai na juye shi a kan Lan, don ita ce a kusa. Yaran makarantar suna da wata al'ada, in abokan tebur suka ɓata sai a ja layi da alli a tsakiya, kowa ya tsaya a ɓangarensa, gwiwar hannu in ta ƙetare a buge ta. Ni da nake yi musu dariya a kan wannan, ni ce na ja layin. Na koya mata abin da za ta ce, sannu da zuwa, na sa ta maimaita ba tare da na kalle ta ba, alhali ta fi ni sanin sa.

"Fushi kike da ni," ta ce wata rana lokacin barci, kanta a kife, murya ƙasa ƙasa.

"A'a."

"In kin ce in bari, zan bari."

Ban ce ba, ita ma ba ta bari ba. Muka ci gaba da cin abinci kowa na kallon kwanonsa. Gwangwanin yajin dai a kan layin nake ajiye shi, rabi nan rabi can, ita kuma takan ɗiba.

Ranar bikin Umma ta tashe ni tun asuba. Ta fito da leshinta na zuwa suna, ruwan goro, ta ɗaura mini ɗankwali ya tashi sama, ga lalle da ta ƙunsa mini tun jiya, ga turaren wuta da ta tsugunar da ni a kai har na fara tari. Na dubi madubi na ga wata mace kyakkyawa da ban sani ba, na ƙara jin haushi. A makaranta aka tsayar da ni bayan ƙofa ni kaɗai, zafi kamar a tukunya. Na ji sun ɗauki waƙar. Da aka zo wurin da muryarmu ta layi na biyu ke shiga, bakina ya motsa da kansa. Sai aka buɗe ƙofa. Zaure ya juyo gaba ɗaya, aka yi ta tafi, kyamarori na walƙiya, har yaran nan na saman bene suna tafi da gaske. Na taka a hankali kamar yadda aka koya mini. Na ɗaga kai na dubi ajinmu, shuɗi da fari, sun jeru, idona ya tafi layi na biyu. Na ɗauka zan ga gurbina. Ashe sun matsa sun haɗe, ba ko alamar an taɓa tsayar da wani a wurin. Wannan ya fi kowane zagi yi mini ciwo.

Lan ta sauko da furanni a leda, ledar na ƙara a lasifika. An shafa mata jan baki, an ɗaure mata gashi da jan ƙyalle. Ta zo gabana ta tsaya. Maimakon ta miƙo furen kamar yadda muka yi ta gwadawa, sai ta ɗan rusuna, irin yadda take yi wa Umma a bakin ƙofa. Ta kira sunana, ba Shinda ba, na gaskiyar.

"Hindatu," ta ce, zaure duka na ji, "sannu da gida."

Na ɗauka tsoro ne ya ruɗa ta, har na buɗe baki zan raɗa mata daidai. Sai na ga idonta. Ba ta ruɗe ba. A zauren nan kaf mutum nawa ne suka san abin da ta faɗa? Ni, sai wata murya daga can baya da ta ce "Yawwa!" da ƙarfi har mutane suka waiwaya, ba sai na gaya muku ta wace ce ba. Abin da aka rubuta mini in ce shi ne sheshe, in karɓi fure in yi murmushi. Na karɓi furen, na jawo lasifikar.

"Yawwa, Lantana," na ce. "Sannu da zuwa."

Aka ɓarke da tafi. Malama Chen na share hawaye, wani babba ya tashi ya yi dogon jawabi a kan zumuncin ƙasashe. Uwar Lan na tsaye a gefe da rigar aikinta, da zare maƙale a kafaɗa, tana tafi sama da kanta. Baba kuwa, da ya ce yana da lodi a Huangpu ba zai zo ba, na hango shi a bakin ƙofa da hularsa, yana goge fuska da hankici. Da muka fito ya ce zafin zauren ne, waɗannan mutane ba su san fanka ba.

Washegari na iso na tarar an goge layin teburinmu, hannun rigar Lan fari fat da alli. Na zauna na ce mata jiya kin yi kuskure. Ko kai ba ta ɗaga daga littafinta ba.

"Da na zo teburin nan," ta ce, "wa na tarar?"

Abin da ya rage na zangon nan shi ne mafi daɗin zamana a duniya, in kun cire ranakun da na haife ku. Ba wai an daina jefo kalmar nan daga bene ba ne, ba a daina ba. Ni ce dai na daina ɗaga kai. Lokacin wani ɗan itace ne mai jan ɓawo da farin ciki, laici suke ce masa, mu saya a leda mu hau gadar ƙafa ta kusa da tasha, mu ci muna tofa ƙwallon, muna kallon masu ɗakon takalma a ƙasa suna tura kwalaye. A nan ta gaya mini babanta yana maganar mayar da ita Hunan, don irinsu ba a barinsu su zana jarrabawar ƙarshe sai a lardinsu.

"Ni ma baƙuwa ce," ta ce. "Tawa dai sai na yi magana ake gani."

Muka yi dariya muka bar maganar, don a shekarunmu abin da zai faru baɗi kamar ba zai zo ba ne. Da aka yi hutu Baba ya kai fasfo sabuntawa. Nasa aka ba shi 'yan watanni, namu ni da Umma aka ce mu koma gida, in an gama wasanni ma nema daga can. Kowa ya ce abu ne na ɗan lokaci. Jaka ɗai-ɗai muka ɗauka, kayan makarantata ma a kan igiya na bar su ba su gama bushewa ba. Ni da Lan ba mu yi ban kwana ba, sai an koma kawai muka ce wa juna a bakin bene, tana riƙe da gwangwanin yaji da Umma ta cika mata. Ba ta da waya. Ni kuma hankalina bai kai in tambayi sunan ƙauyensu ba. Ba mu koma ba. Bizar ta ƙi, aka sa ni makaranta a Kano kafin ta fito, da ta fito kuma Baba ya ce karatun ya yi nisa a bar ni. Na matsa masa ya je lungun tasha ya duba mini. Ya kira ya ce:

"Na je, Hindatu. An share lungun tas, an dasa furanni. Na tambayi mai gadi, ya ce meyo."

Ranar da aka buɗe wasannin muna gidan kakata a Fagge, ba mu daɗe da sauka ba. Juma'a ce, maza sun tafi masallaci, aka tayar da janareta, mata da yara suka cika ɗaki gaban talabijin. Ni na ce ba na kallo. Na ɗebi wanki na zauna a tsakar gida ina dirza da mugunta. Tun da muka zo 'yan uwa suka sa mini 'yar China, suna dariyar yadda nake lissafi da wani yare kafin in faɗa da Hausa, da yadda nake kifa kai in yi barci da rana ko ina ne. Ina jin ganguna daga ɗaki, ina jin muryar mai sanarwa, kowace kalma na shiga kunnena ba tare da na so ba. Sai Gwaggo Asabe, yayar Baba, ta leƙo ta ƙwala mini kira.

"Hindatu! Ina 'yar Chinar nan? Zo ki ga mutanenki, sun cika fili!"

Haka kawai ta faɗa, da goro a bakinta, ta koma ciki. Duk zamana a can, in ka cire Lan, ba wanda ya taɓa ba ni su a matsayin mutanena. Na tashi da kumfa a hannu na shiga da gudu, na ture yara na durƙusa gaban talabijin har hancina na neman taɓa gilashi. Dubban mutane, kyamara na wucewa a kansu da sauri. Na san ba ta can. Me zai kai 'yar mai sa zif wannan fili? Duk da haka na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ina neman gajera mai jan kumatu, har idona ya fara ruwa.

"Ke matsa mu gani mana," in ji Gwaggo. "Kin gane wani ne?"

"Tukuna, Gwaggo," na ce.